Ridin Baba da Angon Beijing

Ba zan taɓa mantawa ba da hantsin da na tara wa wani ɗan jarida dangina kaf, har da Kawu Sale da ya hawo mota tun daga Rusairis.

Lokacin ina budurwa a ƙauyenmu na kusa da Dinder a ƙasar Sudan, kuma aikina biyu ne: karanta littattafan soyayya da 'yan uwa ke zuwa mana da su daga Kano, da manne kunne a rediyo. Akwai wani wakili da ke aiko da rahoto da Hausa daga ofishinsu na birnin Beijing. Ko cunkoson motoci yake ba da labari, ni ji nake kamar waƙa yake rera mini. Na riƙa tura wa shirinsu saƙo, yana karantawa. (Na kowa yake karantawa, amma kunnena nawa kaɗai yake kamawa.)

Rannan sai ga kiransa. Ya tambayi cikakken sunana, da sunan mahaifina, da sana'arsa, da girman gonarmu ta ridi. Sannan ya ce, "Za ki iya haɗa ni da Baba gobe da hantsi, ta bidiyo? A samu wuri mai haske, ban da hayaniya."

Jama'a, ku yi mini adalci. A duk littafin da na karanta, in namiji ya binciki uba ya nemi ganinsa, babi na gaba lefe ne. Wa ya gaya mini haka 'yan jarida ke yi wa duk wanda za su yi hira da shi?

Na raɗa wa Habboba, kakata ke nan. Ta ce, "Sin? Can inda ake yin kofunan shayi? Ya salam!" Kafin la'asar gari ya ɗauka.

Washegari aka share tsakar gida, aka kunna turaren wuta, aka dafa gahawa a jabana, butarmu ta gahawa, saboda baƙon da ke cikin waya. Baba ya sa farar jallabiya ya naɗa rawani. Ni kuwa na sha lalle, na yafa tob ɗin yayata, wato lafayarta, na laɓe bayan ƙofa ina kunyar amarya.

Aka jingina wayar a kan faranti. Sai ga shi, bayansa tebura da agogon bango jere, mutane na kai da kawowa da takardu.

"Baba, sannu da aiki. Bari mu fara da ridin bana."

Kawu Sale ya ɗaga hannu. "Dakata, ya zol. Ridi na nan, ba gudu zai yi ba. Kai ɗan wane gida ne? Ina magabatanka?"

Bawan Allah ya amsa cikin ladabi, har da sunan garinsu.

"Tamam. To can za ka aje ta, ko nan?"

"Wa fa, Kawu?"

"Ɗiyarmu mana!"

Habboba ta riga ta ɗauko guɗa lokacin da ɗan jaridar ya fara bayani. Rahoto yake haɗawa kan ridin Sudan da ake matse mansa a ƙasar Sin, yana son muryar manomi. Shi da matarsa da 'ya'ya uku suke can. Guɗar ta maƙale a tsakiya, ta koma tari.

Baba ya juyo ya kalli ƙofa, inda yatsun ƙafata masu lalle suka leƙo. Na jira faɗa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi ta dariya har rawani ya zamo masa kan ido.

"Kalas," in ji shi, "tunda an dafa gahawa, yi tambayarka, yaro."

Ya zuba masa labarin damina da yanka da kakkaɓa kamar wanda ya shekara yana jira. Ranar da aka sa rahoton, gari ya taru a gidanmu, Baba na ta nuna rediyo yana cewa, "Ni ne nan!" Ni kuma na samu suna, Amaryar Sin, har yau.

Tun daga nan, duk namijin da ya jera mini tambaya uku, sai na fara jin aikinsa. Wanda na aura malamin gona ne, shi ma da zancen ridi ya fara. Sai da ya rantse mini ba rahoto yake haɗawa ba, sannan na bari a ɗora gahawa.