Ranar da Mai Girma Ya Tura Gwaggo

Jama'a, ku yi mini afuwa in kun ga rubutun nan yana karkacewa. Kafaɗata ta ƙage saboda turin mota, haƙarƙarina kuma ya yi tsami saboda dariya. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na ga abin da ban taɓa zaton zan gani da raina ba, in ban amayar muku da shi ba cikina fashewa zai yi.

Kwanana uku a layin mai, a gidan man da ke kan tudun Ndirande, ni da Gwaggo. Gwaggo motata ce. Mai giyar hannu ce, ta girmi babbar 'yata Tadala, kuma kik ɗinta ya riga mu gidan gaskiya shekara biyu da suka wuce. Ko a jikina. Mazaunin Blantyre me zai yi da kik, bayan Allah ya ba kowace unguwa gangare kyauta? Ka ajiye ta kanta na kallon ƙasa, ka sa mata dutse a taya. Da safe ka zare dutsen, ka sa giya ta biyu, ka saki kuloci. Sai ta yi tari sau biyu kamar mai shan taba, ta kama aiki.

Kun dai san dokar layinmu, wadda ba wanda ya rubuta ta: ba a barin inji a kunne. In an matsa gaba, kowa ya fito ya tura ta gabansa, na bayansa ya tura tasa. A haka na zama ɗan'uwan Kawu Kamwendo, tsohon bakaniken da ke bayana, wanda in ya kara kunne a jikin inji zai gaya maka har ranar da za ta mutu. A haka kuma Nangondo mai fanke ta haddace sunayen 'ya'yanmu kaf.

Ni kuwa ba yawon shan iska ya kawo ni ba. Mahaifiyata na ƙauye can bayan Zomba, yanar ido ta rufe mata gani shekara huɗu. Likitocin ido za su zo asibitin yankinsu ranar Juma'a, kwana ɗaya tal, kuma an rubuta sunanta. Motar haya ba ta shiga ƙauyen, tsohuwa kuma ba ta iya zaman bayan keke. In ban ɗauke ta da safiyar Juma'a ba, sai baɗi, in da rai.

To ranar Alhamis da hantsi mai sayar da mai ya leƙa rijiyarsa ya ce abin da ya rage bai fi na mota goma ba. Na ƙirga da yatsa. Ni ne na bakwai! Wallahi sai da na sumbaci sitiyarin Gwaggo.

Ana haka sai jiniya.

Wata baƙar jif sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba, ta shigo ta ƙofar fita, ta gitta a bakin famfo ɗayan da ke aiki. Mai Girma ya fito, Garkuwan Tsimi, Dodon Almubazzarai, Shugaban Kwamitin Ƙoli na Koya wa Talaka Tattali. Allah ya ƙara masa tumbi. Ya zo ƙaddamar da sabon shiri mai suna Kashe Inji Ka Ceci Ƙasa. Ya ce ƙasashe huɗu ya ziyarta da tawaga kafin ya gano wannan sirri, wato in mutum na layin mai, ya kashe injinsa ya riƙa tura motar.

Muka dubi juna, mu da tafukanmu suka yi kanta.

Nangondo ta ce da ni, «Baban Tadala, da nan ya zo ai da na koya masa a bakin fanke biyu, har in ƙara masa gyara.»

Na ce, «Rufa mini asiri, uwar ɗaki. Ilimin da ba a hau jirgi ba ai ba ilimi ba ne.»

Don ya nuna misali, Mai Girma ya sa direbansa Lipenga ya kashe inji a gaban mai ɗaukar hoto. Muka tafa. Sai dai lasifika biyu a batirin motar suke, fitilu na kunne don hoto ya yi kyau, ga ɗan firji a baya yana sanyaya masa ruwa. Awa biyu cur yana bayani. Ya yi mana alkawarin cewa kafin damina mai zai yi yawa har sai mun riƙa roƙo a rage. Wannan alkawarin na san shi tun yana rarrafe, yanzu har ya yi gemu.

Da ya gama ya shiga mota, Lipenga ya danna maɓalli. Ƙes-ƙes-ƙes. Ya sake. Ƙes. Shiru.

Kawu Kamwendo ya matsa ya cire hula. «Ranka ya daɗe, batir ne ya sauka. A ba ni minti biyu in jona mata waya da nawa.»

Mai Girma ya leƙa batirin Kawu da aka ɗaure da tsohuwar roba, ya yatsina fuska. Ya ce, «Motar hukuma ba ta shan wutar da ba a tantance ba. Kuma me na zo koya muku? A tura!»

Ƙarti ashirin muka jingina da ita. Ɗaya, biyu, uku! Ko gezau. Muka sake, har wani ya saki abin da ba a faɗa a jarida. Mai Girma ya ce lallai a cikinmu akwai 'yan zagon ƙasa masu turawa baya.

Kawu ya ce, «Ba zagon ƙasa ba ne, ranka ya daɗe. Irin wannan mai canja giya da kanta, in an ajiye ta, akwai wani ɗan haƙorin ƙarfe a cikin giyabos da ke faɗawa ya cije. Bai fi babban yatsana ba, amma ko unguwar nan duka ta taru ba ta motsa ta. Kuma ba ya saki sai da wuta.»

Ya ciro sukurdireba daga aljihu, ya ɓamɓare wani ɗan murfi kusa da sandar giya, ya danna wani abu a ciki, sanda ta koma firi. Sannan ya juyo ya ɗaga mana yatsa. «Ku ji ni da kyau, 'ya'yan nan. Taku biyar kawai, mu kawar da ita daga bakin famfo. Kar wanda ya kai ta gangare!»

Muka ce mun ji. Mai Girma ya zauna kusa da direba, ya zuro hannu ta taga yana ɗaga wa jama'a.

Sabo turken wawa! Mutumin Blantyre ne zai ji mota ta fara mirginawa a hannunsa, ga gangare yana kallonsa, ka ce ya tsaya a taku biyar? Ƙafafunmu ba su nemi shawararmu ba. Muka kwasa da gudu muna ihu, kuma ba zan ɓoye muku ba, muryata ta fi ta kowa tashi.

«Giya ta biyu! Giya ta biyu! Saki kuloci, direba!»

Lipenga ya leƙo, idanu waje. «Ba kuloci! Ba ta da kuloci!»

Nangondo, da ta biyo mu da matsamin fanke a hannu, ta dafe ƙirji. «Wayyo ni! Har kulocin ma sun cinye?»

Kawu na bayanmu yana haki yana zagi. «Jakai! Ba a tayar da ita da turi! A irin motocinku, ƙarfe ne ya haɗa inji da taya, ka tura taya ta juya inji. Wannan kuwa mai ne a tsakaninsu, kuma inji ke harba man! Ko tafki za ku kai ta ba za ta tashi ba!»

Ihu bayan hari. Jif ta riga ta ƙwace daga hannunmu. Da yake inji a kashe yake, birki ya yi tauri kamar dutse, sitiyari ya ƙi lanƙwasa. Lipenga ya miƙe tsaye a kan birki yana kiran sunan uwarsa. Shi kuwa Mai Girma, da yake mutum ne mai ɗaukar mataki cikin gaggawa, sai ya cafki sandar giya ya danna ta can gaba, wurin ajiye mota. Ƙarrrrr! Kun san kukan injin niƙa in an zuba masa tsakuwa? Ɗan haƙorin nan da Kawu ya faɗa ya yi ta ƙoƙarin cizo har ya karye. Motar ta gangara abinta, ta ratsa wata gonar masara, ta je ta rungumi kututturen ayaba a bakin rafi, ta tsaya cikin ladabi. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane.

Muka hawo tudu muna waƙa, muna rawa, an buɗe famfo! Mai sayar da mai na zaune a kan bokiti ya yi tagumi. Ya ce an ɗauke wuta tun muna tsakiyar gangare. Na ce a tayar da janareta. Ya ce ba shi da mai. Janaretan gidan mai! Gobara daga kogi ke nan.

A nan dariyata ta ƙare. Na zauna a kan bonet ɗin Gwaggo, na tuna tsohuwa tana can ta sa an wanke mata zaninta na fita, tana lalube tana shirya jaka. Na ji haushin Mai Girma, na ji haushin ƙafafuna, har Gwaggo sai da na harara.

Sai ga Dodon Almubazzarai yana hawowa a ƙasa, taɓo har gwiwa, gemun masara a kafaɗar kwat. Ashe ƙarfe huɗu zai ƙaddamar da shirin nan a Zomba, motar rakiyarsa ta riga ta yi gaba da kujeru, 'yan rediyo na jira. Ya bi layi yana tambayar wa zai kai shi. Kowace mota tankinta ƙaf, sai iska.

Kawu Kamwendo ya dube ni, ya kanne ido ɗaya. Ya ce, «Ranka ya daɗe, taka giyabos ɗinta ya zama gari, amma tankinta cike yake taf. Ga ɗana nan, Zomba ya nufa. Motarsa kuwa ba ta san batir ba, ba ta san kik ba, ba ta san hukuma ba.»

Mai Girma ya ce taɓa man hukuma sai da takarda. Kawu ya ce haka ne, doka doka ce, takarda za ta fito ranar Litinin. Mai Girma ya dubi agogo. Ya ce, «A zuba.»

Faɗuwa ta zo daidai da zama! Kawu ya gangara da jarkoki, ya shige ƙarƙashin jif, ya kwance tiyon mai. Gwaggo ta sha har ta yi gyatsa. Rabonta da ƙoshi irin wannan tun zamanin da nake da suma.

Saura tayarwa. Gwaggo tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, sai an tura ta har ƙofa kafin ta sami gangare. Abin mamaki, a daidai lokacin nan ciwon baya ya kama mazan layin gaba ɗaya. Wannan ya dafe ƙugu, wancan ya kama gwiwa. An bar Lipenga gadin jif a bakin rafi.

Nangondo ta durƙusa har ƙasa. «Ranka ya daɗe, mu dai mun ji karatu, amma gani ya kori ji. A nuna mana yadda ake yi a ƙasashen nan huɗu.»

Mai ɗaukar hoto ya ɗaga kyamara. Ba hanyar gudu. Mai Girma ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafukansa masu laushi a bayan Gwaggo, ya tura.

Zan faɗa muku gaskiya tsakanina da ku. Tun a taku na goma Gwaggo ta isa tashi. Ni na riƙe kuloci sai da ya yi arba'in. Ina kallonsa a madubi, laktaye na lilo, gumi na ɗiga daga haɓa, na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙeya har ɗan yatsan ƙafa. A hanya kuma ta mutu sau biyu, duk a gindin hawa. Ko me ya kashe ta, Allah ya sani, ni ma na sani. A turi na uku har ya iya faɗin «Saki kuloci!» da kansa, kuma a kan lokaci. Ina shaida wa hukuma cewa mutumin yana da basira, wurin aikin ne aka kuskure masa.

Na sauke shi a Zomba huɗu saura kwata. Na ji daga baya kwamiti ya gano cewa jif ɗin ba ta dace da yanayin ƙasarmu ba, don haka za a sayo uku da suka dace.

Ranar Juma'a aka yi wa Inna aiki. Ranar Asabar da safe aka cire mata bandeji, ina tsugune a gabanta. Ta yi ta ƙifta ido, ta yi ta kallona, har na fara tsorata. Sai ta kama fuskata da hannu biyu. Ta ce, «Kai ne? Yaushe ka yi furfura haka ba wanda ya gaya mini?» Na yi kuka, jama'a, kuka sosai, ƙato da ni, ita kuwa tana ta dariya tana ƙirga mini farin gashi.

Wata nas ta miƙo mana jaridar ranar, ta ce ko ba motata ba ce wannan. Ga Gwaggo a shafin farko, ga Mai Girma a bayanta ya dage, an rubuta wai shugaba nagari da kansa yake aiki. Inna ta kawo jaridar dab da sabon idonta, ta daɗe tana duba.

Ta ce, «Allah sarki, bawan Allah, da ƙibarsa da komai. Wannan lebura da ya tura ka, ka dai sallame shi ko?»

Na ce, «Kwantar da hankalinki, Inna. Duk ƙasar nan mun daɗe muna sallamarsa. Wannan ne dai karo na farko da ya yi aikin.»