Akwatin Inna Jumma

Shin Malam ya yafe min maganar akwatin nan, ko dai tausayina ya ji ya yi shiru? Na gama takaba, an yi damina biyu, har yau ban sami amsa ba.

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, ko da na so. Mijina mai gyaran kwaɗo ne a kasuwar Birnin Gwari. Shekara arba'in yana zaune da magagarinsa da 'yan wayoyinsa, yana yanka makulli, yana buɗe abin da ya gagari masu shi. Amma Malam ba ya taɓa kwaɗo sai ya yi tambaya uku: "Na waye? Ina mai shi? Wa ya shaida?" Ko limami ne ya zo sai ya amsa. Nakan ce masa, "Malam, kai alƙali ne ko mai kwaɗo?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da gugarsa.

Ni kuwa ko alifun ban sani ba, amma ina da ido. In ya tafi masallaci sai in ɗauko tsofaffin kwaɗunan da yake tarawa a kwando, in zura waya, in lallaɓa haƙoran ciki ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har in ji ƙyas. (Ke mai rubuta min labarin nan, ki rubuta cewa na iya. Wannan kam ba ƙarya ba ce, kuma ita ta kai ni ta baro.)

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi aka yi bikin 'yar Ladidi, maƙwabciyarmu. Dangin ango suka kawo lefe daga Tsohon Birnin Gwari, suka miƙa makullai, suka shiga ɗaki yin sallar la'asar. Aka fito da akwatuna tsakar gida. Biyu suka buɗu, na ukun ya ƙi kowane makulli.

Ladidi ta ce, "Yaya, mu jira baƙi su idar."

Na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Jiran me, matar mai kwaɗo na zaune? Ku ba ni tsinken kitso."

Mata suka kewaye ni. Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na zura tsinke ina rufe ido irin yadda Malam yake yi, don dai a san gado ne. Sai ƙyas! Wata ta rangaɗa guɗa. Kaina ya kumbura. Na ɗaga murfi, na ga farin yadi a ninke, sabo fil, ga ƙamshin turare. Na miƙe na warware shi sama ina cewa, "Kai, wannan ango ya san farar shadda!" Aka ƙara guɗa.

Sai na ji guɗar ta tsinke a tsakiya. Yadin ba shadda ba ne. An riga an yanka shi ƙyalle-ƙyalle, har da 'yan igiyoyinsa.

Daga bakin rumfa wata murya ta ce, "'Yar'uwa, likkafanina ne."

Inna Jumma ce, tsohuwar Bafulatanar da ta gudo daga rugarsu ta wajen Kakangi bayan 'yan bindiga sun kore musu shanu. Ladidi ce ta ba ta wurin kwana. Abin da ta tsira da shi ke nan a duniya, ta saya masa akwati ta kulle, aka haɗo da na lefe saboda kalarsu ɗaya.

Ta tako a hankali, ta karɓe shi daga hannuna, ta ninke. Ta ce, "Ba komai. Ni ba a yi min guɗa ranar aurena ba, ga shi likkafanina ya samu." Da ma ta zage ni, da ya fi min sauƙi. Na fita ko takalmina ban ɗauka ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Abin da ya fi ci na, sunan Malam ne. Washegari ana cewa ashe a gidan mai kwaɗo har mata sun iya buɗe akwatin mutane. Amanar shekara arba'in na ɗora a kan tsinken kitso. A ranar na gane cewa buɗe kwaɗo ko ɓarawo ya iya, tambayoyin nan da nake yi wa dariya su ne sana'ar.

Malam bai ce min uffan ba. Da ya ɗan ji dama, ya sa na kawo masa akwatin tare da mai shi, ya ɗaura sabon kwaɗo, ya rataya wa Inna makullin a wuya da hannunsa, ya ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Bayan sati uku, da hantsi, ina ba shi kunu, ya nuna kwandon tsofaffin kwaɗunan ya ce in matso da shi. Ya daɗe yana kallona. (Dakata, bari in share hawaye.) Ya kama yatsuna ya ce, "Tun tuni na san kina taɓa su, ba kya mayar da su yadda na ajiye. Hannunki ya fi nawa laushi. Tambaya ce kawai ban koya miki ba."