Yadda Na Zama Wakilin Daidaito

Jama'a, makon nan sallar Juma'a ta wuce ni, kuma ina zaune ne a ajin koyon dokar hana wariya lokacin da ta wuce.

A siton tufafin da nake aiki a Cheetham Hill, Mai Girma Manaja ya ɗauko mana masani takanas daga Birmingham, mu kira shi Sarkin Daidaito. Aka sa taron daidai lokacin huɗuba, a hawa na uku, alhali lif ɗinmu, na'urar hawa bene, ya mutu tun bara. Nanret, 'yar Jos mai karɓar oda, a keken guragu take. Ta dubi matakala, ta dube ni, ta ce in na hau in yi magana da yawunta. Na bugi ƙirji.

Sarkin Daidaito, Allah ya ƙara masa basira, ya jero mana ire-iren wariyar da doka ta haramta. Akwai ta kai-tsaye, a hana ka abu saboda launinka ko addininka ko shekarunka. Akwai tsangwama, irin barkwancin da kowa ke dariya ban da kai. Akwai ramuwa, a sa ka a gaba don ka kai ƙara. Sai ta a-fakaice: ƙa'ida ɗaya ga kowa, amma wasu kaɗai take cizo. A nan ya dakata, ya ce ko akwai mai misali.

Hannuna ya ɗaga kansa. Misali kam ga shi a bakina, ɗaya tana jira a ƙasa, ɗayan kuma ni ne. Sai muka haɗa ido da Manaja, mai raba mana lokutan aiki. Na tuna bizata da ta iyalina duk a wuyan aikin nan suke rataye.

"Ranka ya daɗe," na ce, "biskit ɗin nan na kowa da kowa ne?"

Aka ce na kowa ne. Na ɗebo har da na Nanret.

Ba ta karɓa ba. "Malam," ta ce, "ba a koya muku cewa doka ta hana a rama a kan mai ƙorafi ba?" Na ce an koya, sai dai a daidai lokacin, Manaja ya fita amsa waya.

Da aka dawo aiki ta tura kekenta ofis da kanta, muryarta har bakin titi. Manaja, mutumin kirki, ya ba da haƙuri, ya ce za a maimaita darasin dominta a ƙasa. Ranar Lahadi da safe, lokacin da take coci a Gorton.

Ni kuwa an naɗa ni wakilin daidaito na sito, har da baji a ƙirji, domin a cewar Manaja ni kaɗai na nuna sha'awa har na yi tambaya. Matata Habibatu ta ce in riƙa cire bajin kafin in shigo unguwa.

Saboda haka duk mai ƙorafi ya zo, zan saurare shi da kyau. Abin da ya wuce saurare kuma, a nemi Nanret.