Ɗurar da Na Yi wa Kwamfuta

Shekarar da taki ya gagari talaka, aka sa ni zuba hotunan manoma a kwamfutar ofishinmu a Batsari. Wanda hotonsa bai shiga ba, babu taki. Oga ya ce in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana hutawa. Na ce inji ne fa, ba jaki ba. Na tattara hotunan duka na ɗura mata.

Ta fara da gudu, ta koma rarrafe, ta tsaya cik. Mutanen ƙauyen Karare suka wuni a rana suna jira, suka koma hannu wofi.

Wani dattijo ya leƙo taga: "Malam, ko a jiƙa mata kanwa?"

Har yau in na ratsa kasuwa mahauta sai sun ɗaga murya: "Mai Ɗura, ya mai jiki?"