Kwatar Ƙofar Gidan Malam Cindo

Allah ya ja zamanin Malam Cindo, fitilar unguwar Muchia, tsohon masinjan ofishin gona na Samaru, wanda ya taɓa riƙe wa Bature lema! Tun daga ranar nan hannunsa bai ƙara ɗaukar komai ba, don girmamawa.

Ana gobe wakilin hakimi zai zo ya ga wanda ya cancanci rawanin mai unguwa, Abarshi mai gyaran keke ya kira gayya a haƙa kwata, don kowace damina ruwa har ƙarƙashin gado yake bin mutane. Unguwa ta fito kaf. Mama Bibiana ta ɗora tukunyar wake, makaɗa suka saki kalangu. Malam Cindo, wanda rawanin nan ya hana shi barci, shi ma ya kawo tasa gudummawar: murya.

Ya hau dakalin ƙofar gidansa, ya gyara hula.

"Jama'a, ni na ga kwatar Turawa da idona! Kwata daraja ce. Ta ƙofar talaka iya gwiwa ta isa. Tawa kuwa sai ta shanye mutum, faɗinta ya gagari tsallen akuya!"

Suka ce, "An gama, ranka ya daɗe!" Kai, ban taɓa ganin mutane sun yi haƙa da farin ciki haka ba. Har wanda ba shi da shebur ya sa hannu.

Da aka gama, Abarshi ya kawo katako zai gitta masa.

"Katako? A ƙofata? Ɗauke! Gadar ƙarfe za a aiko mini daga Ikko."

Da asuba aka tafka ruwa. Hantsi ya yi, ga wakili tare da duba-gari, suna zagayawa suna sa albarka. Ga Malam Cindo, Gwamnan Kwata, can a tsallake, cikin babbar riga mai sitaci, gida ba ƙofar baya, kogi a gabansa.

Wakili ya ce, "Wa ya haɗa wannan aiki?"

Baki ɗaya aka ce, "Abarshi!"

Ina! Malam Cindo ya ja da baya, ya tattare riga, ya yi bismilla, ya daka tsalle. Tsundum! Hula ta bi ruwa, ta kama hanyar unguwar PZ ita kaɗai.

Duba-gari ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen Abarshi.

"Mai unguwa, kwata ta yi kyau. Sai dai a cire wannan abin da ya toshe ta."