Haihuwa Ɗaya, Kati Uku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ɗakin Kati,
na asibitin nan mai rassa a Bungudu da Tsafe da Gusau.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan gara ba ta gano inda kake ajiye katunanmu ba, na rubuto ne in yi godiya. Inna sau ɗaya ta haife ni, amma ofishinka ya mayar da ni mutum uku. Allah ya ƙara basira.

Na ɗaya. A Bungudu ni na kai kaina, na faɗi sunana da bakina. A can aka yi mini allurar penisilin na kumbura kamar salka, numfashi ya nemi gagarata. Likita ya rubuta da jan biro kada a kuskura a sake, aka kuma shigar a kwamfutar nan taku da aka ce duk rassa suna gani. Wannan Garban ba shi da ƙorafi.

Na biyu. Mun je suna Tsafe na faɗo daga babur, Inna ta raka ni. Ni ɗan farinta ne, ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kama sunana ba. Yaronka ya tambaye ta, ta kau da kai. Ga ni kwance ido biyu, bai ga dacewar ya tambaye ni ba, ya rubuta "Ɗan Inna". Ya kuma dubi furfurata ya yi mini kyautar shekarun da ban ci ba. Na karɓa, girma ba a mayar da shi.

Na uku, kuma a nan murmushina ya ƙare. Da damina ciwon haƙarƙari ya kayar da ni har ban san inda kaina yake ba, maiɗakina Binta ta kawo ni Gusau. Wace matar kirki ce ke kiran sunan mijinta a gaban jama'a? Ta ce Baban Hanatu. Aka buɗe wa Baban Hanatu sabon kati fari fat, babu jan biro ko ɗigo. Binta ta ce akwai allurar da ba ta jituwa da jikina, sunanta ne ba ta riƙe ba. Aka duba aka ce mata Baban Hanatu ba shi da wannan matsala. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, tunda a ranar aka haife shi.

Shin daga wace ƙasa kake ɗauko yaranka? Iyayensu mata sunan mazansu suke kira? Ba za a tambayi lambar waya ba, ko ƙauye, ko a ce wa mace ta kira wani ɗan'uwa ya faɗa?

Nas ta zuƙo allura ta kama hannuna. Sai Binta, wadda maƙwabta ba su san muryarta ba, ta miƙe tsakiyar ɗakin maza ta ce, "Kak ki yi mai! Garba Mas'udu na, na Furfuri! Ku duba!" Aka duba. Ita ce dai allurar penisilin ɗin nan.

Roƙona ɗaya ne: a haɗe mu ukun nan a kati guda, jan biron ya bi mu duk inda muka je. Ba kowane mara lafiya ne ke da Binta ba.

Abin da ke ci mini rai kuwa, tun aurenmu nake marmarin jin sunana a bakin matar nan. Ranar da ta faɗa, nas ta ji, masu jinya sun ji, har mai shara ya ji. Ni kaɗai ne ban ji ba, ina sume. Na lallaɓe ta ta maimaita, ta rufe fuska da mayafi ta ce sai dai in sake kwanciya a asibitinku. Ina son Binta, ranka ya daɗe, amma na haƙura.

Naka mai biyayya har ƙasa,
a madadin mu ukun,
Garba Mas'udu Furfuri