Suwaitar Magnhild Ta Rasu a Injin Wanki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙamshin sabulun da ban taɓa saya da kuɗina ba, ni Oddvar na gidan ƙarshe a kwarinmu nake sanar da ’yan uwa da maƙwabta rasuwar suwaitata ta ulu, mai ruwan toka, mai maɓallan ƙarfe. Ta rasu ranar Juma’ar da ta wuce a cikin injin wanki, a hannun surukina Preben, mijin ’yata Torunn. Lafiyarta ƙalau har safiyar ranar. A haɗarin an kuma rasa rigunan ciki na ulu da safa, duk wani ulu da ke rataye a zaure, domin mutumin nan in ya tashi aikin alheri ba ya rage komai.

An haifi marigayiyar a kan cinyar matata Magnhild, Allah ya jiƙanta, a hunturun ƙarshe da yatsunta suka yarda su riƙe tsinken saƙa. Gashin tumakinmu ne, ita ta kaɗa zaren, ba ta kuma cire masa maiƙonsa ba, don maiƙon nan shi ke sa ruwa ya zame ya wuce. Tana saƙa tana faɗa da ni a kan ƙofar da na bari a buɗe. Har gashin kanta fari guda ɗaya ya shiga saƙar, a bakin hannun hagu. Na san wurin, ina kuwa duba shi.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai riƙon amana. Ko ta jiƙe sharkaf ba ta daina ɗumama mai ita. Shekarar da ruwa ya tafi da gadar kwarinmu, tare muka tsallaka rafi da tunkiya a kafaɗata, ruwa har ƙirji, muka iso gida ina tururi kamar tukunya. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta ƙas-ƙas na maɓallai idan na ɗauke ta daga ƙusa, sai kuma ɗis, ɗis, idan tana bushewa kusa da murhu. Ba ta taɓa neman wanka ba, ba ta kuma buƙace shi ba. Kowa a kwarin nan ya san ulu ba a wanke shi. A rataya shi waje ranar hazo ya sha iska, in ya yi datti a goga masa dusar ƙanƙara, shi ke nan. Eh, tana warin rago da hayaƙi. To sai me? Ni ma haka nake yi, kuma ba wanda ya jefa ni a inji tukuna.

Aikinta na ƙarshe shi ne gadin ƙofa. Tun da dutsen da ke kanmu ya fara tsagewa aka kafa mana jiniya, kowane gida yake ajiye jakar ko-ta-kwana a zaure, ita kuma tana rataye a kan tawa. Tsarin ba shi da wuya: ulu a jikin fata, ulu a kansa, rigar ruwa a waje, sai a kama hanyar tudun da ake taruwa. Auduga kuwa ba ta hawa tudu da mu. Auduga ta sha ruwa ta riƙe shi, ta manne wa mutum tana zuƙe masa ɗumin jiki har ya fara maganar da ba kan gado.

Ga yadda ajali ya zo. Tun rasuwar uwarta, Torunn take so ta kwashe ni zuwa birnin Bergen, ɗaki a bene na uku kusa da su, inda taga ke kallon wata tagar. Muka yi ta ja har muka yanke magana: in na hau tudu da ƙafafuna ranar atisayen jiniya na kaka, na sauko lafiya, za ta ƙyale ni a gidana. Atisayen ranar Asabar ne, shi ya sa suka zo tun Juma’a. Preben na shigowa zaure ya yamutsa fuska ya ce, “Oddvar, wani abu ya mutu a nan.” Na ce masa rago ne, kuma ya daɗe da mutuwa, ya shigo ya sha kofi. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ina garke ina ba tumaki ciyawa sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal daga wajen gida. Na ce a raina ko wani ya manta makulli a aljihu. Ashe marigayiyar ce, maɓallanta ne ke dukan ƙarfen inji, tana kira, ni kuwa ina can ina hira da tunkiya. Preben ya haɗa ta da tawul da kayan motsa jikinsa, ya sakar mata tafasasshen ruwa, ya tsiyaya mata wani ruwan turare mai kauri wanda aka rubuta wa kwalbarsa wai iskar bazara. Bai tsaya nan ba. Ya kuma sa ta a injin busarwa.

Da aka fito da gawar ban gane ta ba. Ta ƙanƙance, ta yi tauri kamar tafin takalmi, ko kyanwa sai ta matse ciki kafin ta shiga. Saƙar ta cure wuri ɗaya, ba a ganin zare balle gashin Magnhild. Na kai ta hancina, sai furanni. Tir! Na fita waje na tofar da yawu. Shi kuwa yana tsaye da kwando a hannu yana murmushi, yana jiran godiya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mugu ba ne. Mugu ka san yadda za ka yi da shi, amma mai kirki da kwalbar sabulu sai dai Allah ya tsare.

Da ya ga fuskata sai ya rikice, ya ce, “Kada ka damu, ga nawa, sababbi ne fil, sun ma fi sauƙi a jiki.” Ya ba ni riga mai hula ta auduga da wani rubutu ɓaro-ɓaro a ƙirji, da wata ’yar rigar leda mai sheƙi ruwan lemo. Na yi niyyar zuwa aro wajen maƙwabciyata Aslaug da safe, amma jiniya ba ta shawara da kowa, ta tashi ina tsakiyar karin kumallo. Na zura abin da ke kusa na fita.

Ruwa a kwance yake zuwa ranar, irin wanda ke shiga kunne. Na hau, babu wanda ya riƙe ni, wannan a shaide shi. Amma gumi ya jiƙa audugar ta ciki, ruwa ya bi wuya ya same ta ta waje, muna isa sama muka tsaya ana kiran sunaye, sai iska ta fara aikinta. Haƙorana suka kama kaɗawa. Aslaug ta miƙo mini kofi, hannuna ya ƙi riƙe kofin, na zubar a kan takalmin Halvard mai kiran suna. Ta ɗaga ledar ta leƙa ta ce, “Auduga? Kai tsohon nan, wa ya yi maka wannan aika-aika? Da Magnhild na nan da yau wani ya ji a jikinsa.” Sai suka naɗe ni a takardar nan mai ƙyalli kamar kifin da za a gasa, a gaban mutanen kwari duka, ni da na koya wa rabinsu hanyar tudun.

Torunn ba ta ga auduga ba, ubanta ta gani yana rawar sanyi. Ta fashe da kuka ta ce, “Baba, ya isa. Ba zan zauna ina jiran ranar da za a kira ni a waya ba.” Na so in gaya mata rigar ce, ba ni ba, amma haɓata ta ƙi tsayawa in haɗa kalma. Ban ga laifinta ba, tsoro take ji, ni ma na ji tsoro a kan tudun nan. Kafin yamma ta kira motar kwasar kaya, za ta zo Asabar mai zuwa.

Marigayiyar ta rasu ta bar rigar ruwa, abokiyar zamanta, wadda yanzu take rataye ba kowa a ƙarƙashinta. Ta bar takalman roba biyu, da hula, da jakar ko-ta-kwana, da ƙusa guda a bango. Ta kuma bar ni, ina zaune a gidan da ko’ina ke ƙamshin kanti, na shiga ɗaki na fita ina neman warin da na saba, babu.

Za a yi jana’iza ranar Asabar ɗin nan da hantsi a bakin garkena. Aslaug ce za ta yi wa gawar sutura: za ta yanka ta, ta fitar da shimfiɗar cikin takalmi da safar hannu, domin curarren ulu ba ya rasa amfani. Na roƙe ta hannun hagu ya zama safar hannuna ta hagu, ta ce ta sani, ba sai na faɗa ba. Ta kuma ba ni suwaitar mijinta marigayi Trygve. Aro ce, ta yi mini yawa a ciki, amma ulu ce, kuma tana wari yadda ya kamata.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kowa ya zo da motarsa, ko da gidansa na kallon nawa, a kuma ajiye su a kan hanyar nan tawa mai faɗin mota ɗaya, tun daga gada har ƙofa. Kada a damu da barin wuri. Akwai kofi da waina da cuku, sannan Halvard zai yi jawabi, kun dai san Halvard da jawabi. An gayyaci Preben, ya zo da audugarsa, wurin tsayuwarsa a waje yake inda babu rumfa.

Bayan nan za a raka marigayiyar zuwa kan tudu a cikin takalmana. An ce za a yi ruwa, madalla. Torunn za ta biyo bayana, kuma za mu tsaya a sama har a gama kiran sunaye, a ba ni kofi cike fal a hannu. In ya zube, a janye motoci, ni da ƙafata zan shiga waccan babbar ta kwasar kaya, ba sai an lallashe ni ba. In bai zube ba, a ba direba waina ya juya.

Don Allah kada kowa ya kawo furanni. Na shaƙi isassu.